Randar Bakin Hanya

Aure ya kawo ni garin nan bayan shekarar da fara ta sauka kan gero yana fidda kai, tun ba a yi yunwar da anka raba jar dawa ba. Lokacin, hanyar da ta bi ta ƙofarmu zuwa Badaguishiri turbar jakai ce da raƙuma, in mota ta ratsa ta sai a kwana ana zancenta a bakin rijiya. Abin da nake son faɗi kuwa na baya-bayan nan ne, bayan an kafa mana fanfo, a damanar da ruwa ya kada katangar masallacin Juma'a, maigarin da ya rasu yana da sauran ƙarfinsa. Tsakanin zuwan fara da faɗuwar katangar nan rayuwata take gaba ɗaya, kuma in an tattara ta, mafi yawanta da tulu bisa kai na yi ta.

Gidanmu shi ne na farko ga wanda ya gangaro daga tudu, na ƙarshe ga wanda ya fito daga cikin gari. Duk mai zuwa kasuwar Badaguishiri daga ƙauyukan dutse ta gabanmu yake bi, kuma kafin ya kawo nan rana ta gama da maƙoshinsa. A ƙofar gidan akwai icen bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, ƙarƙashinsa akwai randa. Uwar mijina ce ta kafa ta tun ban zo ba. Babba ce, baƙa, rabinta binne cikin rairayi don sanyi, abin da ya rage a sama yana kawo mini ƙugu. Faifai a bakinta, dutse bisa faifan, moɗar duma a gefe. Ba sallama, ba roƙo. Mai ƙishirwa ya ɗaga dutse, ya ɗaga faifai, ya nutsa moɗa ya sha, ya mayar ya yi gaba. Mu da ke cikin gida ba mu ganin fuskarsa. Ƙarar aje dutsen kaɗai muke ji, sai uwar mijina ta ce, “Allah shi karɓa,” ta ci gaba da kaɗin audugarta.

Na taɓa tambayarta abin da ya sa ta ɗora wa kanta wannan aiki. Ta ce wata shekara mai wuya ta yi tafiyar ƙasa da goyo a baya, ta tsaya ƙofar wani gida ta roƙi ruwa, anka ce ta jira matar gida ta dawo daga rijiya. Nan ta tsaida labarin. Ban taɓa jin an lissafa wannan goyon cikin 'ya'yanta ba, ni kuma ban ƙara tambaya ba.

Randar tana da doka ɗaya tak: ba a bari ta ƙafe. Sabon ruwa bisa tsoho ake zuba shi. Uwar mijina takan ce ruwan da ta zuba da hannunta ranar da ta kafa randar yana nan ciki, bai taɓa fita duka ba, kowane tulu da anka ƙara sai ya gaisa da shi. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, tana da 'ya'ya mata nata na cikinta, amma ni ta kira. Ta kama hannuna ta ce, “Ke ce mai wuyan ɗauka. Ki zuba naki bisa nawa. Kada ki bari a ga ƙasanta.” Na ce to. Ba a ce wa mai barin duniya wani abu ban da to.

Wanda ya tashi ya iske fanfo ba zai san abin da na amsa ba. Rijiyarmu ta dutse ce, in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa kamar idon kaza. Mu kan ja guga mu biyu, ni da ƙawata da ke gidan da ke bayan namu, igiya tana cin tafin hannu har ya daina jin zafi. Da bazara kuwa, in rijiya ta ja baya, guga ya fito rabinsa laka, sai mu zauna mu jira ta tsatso. A irin wannan lokaci na sha rage ruwan wankan 'ya'yana don in kai wa randa. Mijina, Allah shi jiƙansa, ya taɓa cewa, “Ke wai baƙi kinka aura ko ni?” Na ce, “Uwarka na aura, kai gyara ne anka ƙara mini.” Ya yi dariya, ya tafi gona da ƙurar jiya a wuya.

Da damana tabki muke ɗiba, shi ne kusa. Tabkin nan shi ya ba mu kurkunu. Akwai shekarar da rabin mazan gari sunka kwanta da ƙafa a kumbure daidai lokacin noma, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, haki yana cin gona suna kallo. Da ma'aikatan lafiya sunka zo da ƙyallen tace ruwa, ina cikin matan farko da sunka karɓa. A sani, ni ba mai ƙin sabon abu ba ce. Na tace na gidana, na tace na randa, tulu bayan tulu, alhali wasu matan sun mayar da nasu ƙyallen matacin koko. Ranar da na haihu ma randar ba ta yi ƙasa ba, ƙawata ta cika ta, ni kuma na rama mata da daka. A shekarar jar dawa mutane sun wuce nan da kayansu bisa kai, sun nufi Konni, wasu har ƙetaren iyaka. Ba mu da abin ba su, ruwan nan sunka sha a madadin tuwo. Ko a lokacin ba a ga ƙasanta ba.

Fanfo ya zo, amma ya iske wuyana ya riga ya gama lalacewa. Na yi murna don 'yan baya. Yanzu yarinya ta tura bido, jarkar nan ta roba, a amalanke, ta je ta dawo tuwo bai nuna ba, ruwan kuma fari tas, ba laka, ba tsutsa. Sai dai yana da ɗanɗanon ƙarfe. In an zuba shi a randata ya kwana, sai ƙarfen ya fita, ya ɗauko sanyi da wani gardi na ƙasa. Masu wucewa sunka riƙa cewa ruwan tsohuwa ya fi na fanfo daɗi, alhali na fanfon ne. Ni na san dalili. Tsohon ruwan ne ke koya wa sabo hali.

Sai damanar da na faɗa ta zo da zawo da amai. Cuta ce mai gaggawa, mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar ido ya faɗa, fata ta tsotse. Ta fara a ƙauyukan tudu, ta gangaro mana. An ɗauki wasu a amalanke zuwa gidan likita, wasu sun dawo, wasu ba su kai ba. Gari ya yi tsit, ko daka ba a yi da ƙarfi.

A cikin haka wata malamar likita ta fara bin gida-gida, yarinya ce siririya mai farar riga, ba ta kai ƙaramar ɗiyata ba. Mai yi mata jagora jikana ne, ɗan babban ɗana, magidanci da iyalinsa, shi anka ba riƙon fanfo, yana kuma cikin komiten ruwa na gari. Tun yana ƙarami amaryarsa yake kirana, ni kuma in ce masa maigida. Sunka iske ni ƙarƙashin bedi ina gyaran wake.

“Amarya, na kawo miki baƙuwa,” in ji shi. “Ki yi mata fuska, kada ki ba ni kunya.”

“Maigidan da bai taɓa kawo cefane ba, yau ya kawo baƙuwa. Sannu da zuwa, ɗiyata. Ga ruwa nan, ki sha.”

Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, wannan ba zan hana ta ba. Amma ba ta sha ba. Ta ɗaga faifai ta leƙa, ta ɗauki moɗa ta juya ta a hannu, ta dubi inda anka aje ta a ƙasa, kusa da sawun awaki.

“Inna, yaushe rabon da a wanke randar nan?”

“Kullum ina goge bakinta da bayanta.”

“Cikin fa?”

“Cikinta ruwa ne. Da mi ake wanke ruwa?”

Jikana ya juya baya yana dariya. Ita ba ta yi ba. Ta zauna a bakin tabarmata ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ruwan fanfo lafiya yake fitowa, a hanya da cikin gida yake lalacewa. Ta ce in dubi hannun da ke shiga randar nan ranar kasuwa: wanda ya fito bayan gari, wanda ya riƙe akuya, wadda ta wanke wa ɗanta zawo a hanya. In ruwa ya yi ƙasa har gwiwar hannu ake zurawa, moɗa ta fito daga wannan baki ta koma ciki, ta shiga wancan.

Na ce, “Wato ni na kashe mutanen tudu.”

Ta ce, “Ban ce daga nan ta fito ba, Inna. Ban sani ba, kuma ba zan ɗora miki abin da ban sani ba. Amma in ta shiga nan, duk wanda ya sha zai kai ta garinsu.”

Abin da take so shi ne a kwashe ruwan duka, a kankare cikin da sabuni da ruwan jabel, maganin nan mai kashe ƙwayar cuta, a riƙa yin haka a kai a kai, a sa murfi mai kamawa, mutum ɗaya ya riƙa ɗiba da ludayi mai dogon hannu yana zuba wa mutane. In ba za a iya ba, a ɗauke randar. Na gaya mata wadda ta kafa ta, da abin da ta ce mini tana kwance. Ta saurara har na gama, ta ce Allah shi jiƙanta, sannan ta sake maimaita maganarta kamar ban ce komai ba. Na ce ta gaida gida.

Daga nan anka yi ta aiko mini mutane. Ɗana ya zo, na tuna masa da ruwan randar nan anka yi masa wanka yana jariri. Maigari ya aiko, na ce a gaya masa ubansa ya sha a randar nan yana dawowa daga kai haraji, kuma tsufa ya kashe shi. Liman ya tako da kansa, ya ce niyya ake dubawa a sadaka, ba tsufan ruwa ba. Na ce, “Allah shi gafarta malam, gaskiya ne. Amma ba kai ta kama wa hannu ba.” Duk na kore su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin korar. Ba wanda ya isa ya taɓa randa a ƙofar gidana ina numfashi.

Ba su taɓa ta ba kuwa. Abin da sunka yi, gaya wa mutane sunka yi. A masallaci an faɗa, a bakin fanfo an faɗa, a kasuwa mai shela ya faɗa, kada a sha ruwan da hannu ke shiga. Ba a kama sunana ba. Ba a bukatar kamawa.

Ranar kasuwa ta zagayo, na sa an cika randa har wuya, na shiga zaure na zauna. Ina jin tafiyar mutane, kofaton jakai, kukan amalanke, hirar mata. Ina jiran ƙarar dutse. Shekara da shekaru kunnena ya saba, ko ina barci in an aje dutsen nan sai bakina ya ce Allah shi karɓa. Ranar nan har azahar ban ji ba. Da la'asar na ji sau ɗaya, na leƙa, wani tsohon Bafillace ne da ke kora tumaki kasuwa tun yana da baƙin gemu. Ya sha moɗa guda, ya ƙara, ya goge baki.

Na ce, “Kai ba ka ji shela ba?”

Ya ce, “Na ji, Inna. In mutuwa na cikin randar nan, ta daɗe tana yi mini kawaici.”

Shi kaɗai. Da maraice na ɗaga faifai, ruwa na nan inda na bar shi, ganyen bedi na yawo a kai. Wata kasuwar ma haka, wadda ta bi ta ma haka. Cutar ta lafa, an daina ɗaukar mutane a amalanke, na ce yanzu za su dawo. Ba su dawo ba. Na riƙa ƙara ruwa bisa ruwan da ba a sha ba, don abin da rana ta tsotse kawai. Mutanen da na shayar da iyayensu sai su gaishe ni daga tsakiyar hanya, su kauce wa inuwar bedin kamar akwai maciji.

Ƙawata, wadda munka ja guga tare, ta lallaɓo da sandarta ta zauna. Ta ce, “Kin ci maigari, kin ci liman. To ga randarki nan, ki sha abinki.”

Na ce, “Ke ma sun saye ki?”

Ta ce, “Da mi za a saye ni, haƙori ko ido? Ni dai na san wahalar da munka sha ba don ganyen bedi munka sha ta ba.”

Munka zauna har inuwa ta juya.

Abin da ya karya ni ya zo bayan girbi, ranar wata kasuwa mai zafi. Ina zaune bakin zaure sai ga wata mata daga tudu, ɗaurin itace bisa kai, goyo a baya, wani ɗanta na biye yana jan ƙafa. Ban san ta ba. Ɗan ya ga randa, ya sheƙo da gudu, ya ture dutsen da hannu biyu. Har ya kai moɗa baki uwar ta iso ta buge hannunsa, ruwan ya zube a rairayi.

“Aje. Ban ce maka ba a shan na nan ba?”

Ya fashe da kuka, kukan da ba hawaye. Sai a lokacin ta gan ni. Kunya ta kama ta, ta rage tsawo da itacenta bisa kai ta ce, “Ina wuni, Inna. Ki yi haƙuri, ba ya jin ƙishirwa, ɓarna ce irin ta yara.”

Ina kallon leɓen yaron, ya bushe ya tsage. Nata ma haka. Na ce ta dakata in kawo musu na cikin gida. Ta ce a'a wallahi, sun kusa, ta ja hannunsa sunka wuce. Ba su kusa ba. Na san tsawon hanyar nan da ƙafata. Na bi su da ido, goyon na lilo a bayanta, har sunka sha kwana. Mace da goyo ta tsaya ƙofar gidan uwar mijina, ta wuce da ƙishirwarta, randa cike.

Da safe, bayan rana ta ɗaga, na ɗauki ƙwarya na fita in kwashe randar. Ban aika a kira kowa ba, amma gari ba ya ɓoye abu, ina cikin ɗiba sai ga jikana. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskata, ya rufe. Ya ce in ba shi ƙwaryar. Na ce ya tone rairayin gefe in yana son aiki, cikin nawa ne.

Ruwan da ke bisa garai yake, na riƙa watsa shi a saiwar bedi. Da na kai rabi ya fara sauya kala. Da hannuna ya daina kaiwa na kwanta da ciki a bakin randar, na zura kai da kafaɗa, sai wani wari ya tarye ni, irin na tabki in ya kusa ƙafewa. Jikin randar daga ciki santsi ne kore, in na taɓa sai yatsa ya nutse. A ƙasa kuwa baƙar laka ce mai kauri. Na riƙa kwasowa ina zubarwa. Akwai ƙwallon goriba, akwai maɓalli, akwai ɗan kunne ɗaya, da tsinken sakace, da ƙashin wani abu da ban tsaya tantancewa ba. Akwai kuma ɓallin tsohuwar moɗa mai zanen wuta a baki. Na gane zanen. Ta uwar mijina ce, wadda ta fashe ina amarya. Na wanke shi na ƙulle a bakin zane.

Ruwan da ya rage a ƙarshe bai cika ƙwarya ba. Baƙi ne, ko akuya ba za ta sha ba. Na tsaya riƙe da shi. Wannan ne abin da na rage wankan 'ya'yana dominsa, wannan ne na kori liman a kansa. Kuma duk da haka, in akwai sauran abin da hannun uwar mijina ya zuba a duniya, a cikin ƙwaryar nan yake. Na durƙusa na zuba shi a hankali a saiwar bedin, ƙasa ta shanye. Na ce, “Inna, na ga ƙasanta.” Jikana ya yi kamar rairayi yake tonewa.

Da munka kankare ta da sabuni da jabel, na yi magana a bakinta sai muryata ta dawo mini. Ban taɓa jin randar nan ta amsa ba, tunda ban taɓa ganinta wofi ba. Munka cika ta da ruwan fanfo. Kafin azahar rairayin gefenta ya jiƙe sharkaf. Ashe akwai tsaga a ƙasan, siririya kamar gashi, lakar nan ce ta toshe ta shekara da shekaru.

“Amarya,” in ji jikana, “ashe dattin ne ke riƙe da ita.”

“Kai ma shi ke riƙe da kai. Je ka nemo siminti.”

Ya liƙe ta, amma har yau tana tsatsa, tana cin ruwa fiye da da. Malamar likita ta zo ta gani, ta kawo murfin roba da ludayi mai dogon hannu da kofuna. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta karɓi kofi daga hannuna ta sha a tsaye a bakin hanya, inda kowa zai gan ta. Yarinyar tana da hankali, ko da yake ba ta da sauƙi.

Tun daga ranar na zama mai tsaron randa. Duk ranar kasuwa tun hantsi ina kan tabarma ƙarƙashin bedi, ludayi a hannu, buta da sabuni a gefe, ina zubawa, ina ɗauraye kofi, har rana ta yi sanyi. Bayana yana ciwo, ƙafafuna suna kumbura. Da can in na cika ta na gama, in shiga gida in yi abin gabana. Yanzu tsufa ya zo, aikin ya ƙaru. Ana kwashe ta a wanke a kai a kai, matar jikana ke yi, ni ba na tsayawa kallo.

Mutane sun dawo, amma ba kamar da ba. 'Yan kabu-kabu ba su tsayawa, sai dai su bar mini ƙura. Masu ɗan hali suna sayen ruwan leda, su tsotse su yar, iska ta tara mini ledojin a jikin danga. Masu tafiyar ƙasa da 'yan amalanke su ke tsayawa. Tsohon Bafillacen ya kurɓa ya ce, “Inna, an yi wa ruwanki kaciya.” Ya dai shanye. Gardin nan ya tafi, ni ma na sani, yanzu ruwa ne mai sanyi kawai.

Abin da ya fi damuna ba ciwon baya ba ne. Da, mutum ya sha ya wuce ba wanda ya gan shi, ba wanda ke bin shi godiya. Yanzu sai ya tsaya gabana, ya gaishe ni, ya miƙo hannu, ya ce Allah shi saka. Akwai dattawan da nake gani suna rage tafiya, su dubi randa, su dube ni, su wuce, don ba su saba miƙa wa mace hannu a bakin hanya ba. Irin waɗannan sai in kira su da kaina, in ce su zo su taya ni ɗanɗana ko jabel ya yi yawa. Jikana ya ce akwai randa mai fanfon ƙarfe a ciki, kowa ya murɗa da kansa ba hannun da zai shiga, zai kawo mini daga Konni. Ya daɗe yana kawowa.

Cutar ba ta sake dawo mana irin ta waccan damana ba. Ko don randata ne, ko don shaddar ba-haya da anka gina gida-gida, ko don sabunin da yara ke wanke hannu da shi a lakwal, wato makarantar boko, ban sani ba, ba kuma wanda ya zo ya gaya mini. Matar nan mai itace na yi ta dubanta kasuwa bayan kasuwa. Ban sake ganinta ba, ko kuwa ta zo ta sha ban gane ta ba, don idona ya fara hazo. Duk macen da ta tsaya da yaro, nakan cika masa kofi, in ya shanye in ƙara ko bai nema ba.

Cikin waɗanda sunka san randar nan da tsohon ruwanta, kaɗan sunka rage. Mijina ya daɗe da tafiya, 'yan'uwansa mata duk sun bi shi. Maigarin ya rasu, limamin ma, ɗansa ke ja mana salla. Malamar likita an ɗauke ta zuwa wajen Malbaza, an ce ta yi aure ta haihu. Bafillacen yana nan, amma ya bar wa 'ya'yansa tumaki, sai jefi-jefi ake kawo shi bisa jaki. Ƙawata tana nan, ido ya tafi gaba ɗaya, ranar kasuwa akan jawo ta a zaunar kusa da ni, tana jin muryar masu sha tana gaya mini ko ɗan wane ne. Sai jikana, da alkawarinsa. Sai ni, da bedin, da ɓallin moɗa a bakin zanena.